Tayar Baba Da-Saura

Mai faci ya sake danna tub ɗin cikin bahon ruwa, yana juya shi a hankali, idonsa ƙur a kan ruwan. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba. Baba Da-Saura na zaune a kan wata tsohuwar tayar mota ya zuba tagumi, yana kallon babur ɗinsa da aka cire wa ƙafar baya.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Gyaran firji da fanka ne sana'arsa, kuma duk abin da ka ce masa ya mutu, sai ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce da saura. Takalminsa da saura, rediyonsa da saura, hular da rana ta cinye wa launi ma da saura. Tayar babur ɗin nan kuwa ta cinye har ta yi sumul kamar tafin hannu. A daminar bara ta zame da shi a kwanar kasuwa, ya kwana asibiti, har yau hannun damansa ba ya ɗaguwa sama da kansa. Inna, matarsa, ta yi magana har bakinta ya gaji. 'Ya'yansa sun ce za su saya masa sabuwa, ya ce su riƙe abinsu. Ga shi hadari ya fara haɗowa kullum da yamma, shi kuwa yana nan a kan bakansa.

Ana cikin haka sai ga wata sabuwar matsala. Kwanakin nan duk safiya sai ya tarar tayar baya ta sace. Ya buga mata iska da famfon hannu, ta wuni lafiya lau, ya zaga gari da jakar kayan aiki ya dawo, gari na wayewa ta koma gidan jiya. Yau ma haka ya fara ranar: ya sha kokawa da murfin kwalbar sukari, don Inna in ta rufe abu sai ka ce ba za a ƙara buɗe shi ba har abada, ya sha shayinsa yana mita, ya fito ya hau bugun famfo da kafaɗar nan mai ciwo. Inna ta leƙo ta gan shi yana haki, ta yi saurin komawa ɗaki.

Mai faci ya tsamo tub ɗin, ya zura hannu cikin tayar yana shafawa ko zai ji ƙusa ko tsinin waya. Babu. Ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul, inda ake buga iska, ya jira. Nan ma shiru.

"Baba, tub ɗinka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Tayar da za ta wuni da iska a kan titi, sai ta je gida ta sace, ba huda ba ce. Hannu ne."

Ran Baba ya ɓaci. Nan da nan ya fara lissafo yaran maƙwabta, da mai wankin da suka taɓa yin sa-in-sa a kan fanka. Mai faci ya ce ya dakata, ai abin ba wuya. Yara in sun sace maka iska, murfin bawul ɗin suke tafiya da shi, ko su yar a ƙasa. Mai jin haushinka ma ba ya tsayawa rufewa. Shi da safe yaya yake samun murfin?

"A ɗaure tamau," in ji Baba. "Ni da yatsa biyu nake maida shi, amma da safe sai na sa filaya kafin..."

Bai ƙarasa ba. Kwalbar sukari ce ta faɗo masa a rai, da jarkar kananzir, da famfon tsakar gida da ya sha canja wa roba saboda murɗar mutum ɗaya. A duk faɗin duniyar nan, mai sace maka iska kuma ya tsaya ya rufe maka murfi da kyau don kada ƙasa ta shiga, ai ba su kai biyu ba.

Da farko haushi ne ya taso masa. Wato shi za a mayar ƙaramin yaro? Sai kuma ya hango Inna a ransa, matar da ko jingina da babur ɗin ba ta yarda ta yi, mai ciwon gwiwa, tana durƙusawa da sassafe da tsinken ashana a hannu. Ya tuna ranar da ya faɗi, yadda ta shigo asibiti da takalmi wari daban-daban, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, sai riƙe ƙafarsa da ta yi kamar za a ƙwace mata shi. Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi.

Mai faci ya tambaye shi wa yake zargi.

"Huda ce," in ji Baba. "Idonka ne bai gani ba."

Mai faci ya dube shi, ya dubi murfin da ke tafin hannunsa, ya danne dariya. Ya ce haka ne, akwai irin hudar nan, faci ba ya kama ta, maganinta sabuwar taya.

Shagon mai taya na jikin rumfar mai faci. Ya sauko musu da iri-iri yana zuba bayani. Ga mai taurin roba, wadda za ka shekara da shekaru kana takawa, sai dai in kwalta ta jiƙe ba ta da amana. Ga mai manyan haƙora ta shiga laka, a kan titi kuwa gurnani take yi tana girgiza mutum. Ga kuma mai laushi, mai zurfin zane, tana riƙe ƙasa cikin ruwa, amma tana saurin cinyewa. Mai faci bai ma jira ba ya jawo mai taurin, don ya san mutumin nasa.

Baba ya ture ta gefe. Ya ɗauki mai laushin, ya cusa babban yatsa cikin zanen, ya duba gefenta ko ta tsattsage saboda daɗewa a ajiye, har da sunsuna ta. Ya sa mai taya ya rantse cewa in ya taka birki cikin ruwan sama za ta tsaya. Sannan ya ce a ba shi biyu, gaba da baya.

"Ta gaban ai da saura, Baba," in ji mai faci.

"Babu saura."

Mai taya ya ce yau wace rana. Amma hali zanen dutse ne: da aka gama ɗaurawa, Baba ya tattara tsofaffin tayoyin ya ɗaure a bayan babur, ya ce za su yi wani amfanin. Murafen bawul ɗin kuma ya hana a maida, ya zuba su duka biyun a aljihu.

Yayyafi ya fara sauka lokacin da ya turo babur ɗin tsakar gida. Inna na kwashe shanya. Ta ga tayoyin baƙi wuluk suna sheƙi, ta ɗauke kai, ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke. Can ta tambaya, ba tare da ta dube shi ba, ko an gano hudar. Ya ce an gano.

Ya zaro murafen ya miƙa mata.

"Ungo, ɗaure mini. Nawa hannun bai kai naki ba."

Ta tsaya da kayan a kafaɗa, tana kallon tafin hannunsa. Sannan ta ajiye su a kan kujera, ta karɓa, ta dafa babur ɗin ta durƙusa a hankali saboda gwiwa. Ta ɗaure na baya, ta matsa ta ɗaure na gaba.

"Malam, ka shigo in gasa maka kafaɗar nan," ta ce, kanta a sunkuye. "Ta sha famfo."

Da ta shige, Baba ya sunkuya ya gwada murfin da yatsa biyu. Ko motsi bai yi ba.