Kwamfuta Mai Ƙeya

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, na shigo shagon Kawu da kwali a ka.

Kawu buga wa mutane takardu yake yi. Shagonsa ne wurin aikina na huɗu tun da na bar makaranta, kuma Inna ta rantse in ya kore ni ba za ta sake roƙar mini kowa ba. Shi ya sa na ƙudurta sai na burge shi. Na matsa masa har ya yarda a sayi sabuwar kwamfuta.

Na fito da ita. Kawu ya leƙa bayanta, ya leƙa cikin kwalin.

"Ina sauran?"

"Ita ke nan, Kawu. Komai yana cikin allon."

"An cuce ka, ɗan nan. Ba ta da ƙeya."

Tsohuwar kwamfutar kam ƙeyarta ta cinye rabin tebur. Na shiga yi masa bayani: shi da kansa da tafireta ya fara, ya koma mai koren rubutu da ake cusa wa faifai, sannan mai ƙeya. Kullum ramewa suke yi, ƙwaƙwalwarsu na ƙaruwa.

"Kai ma ka rame," in ji shi, "amma ban ga ƙarin ba."

A ranar na sayar wa ɗan gwangwan tsohuwar.

Abin da ban lura da shi ba, ƙeyar nan aiki take yi. Ɗuminta ne ke busar da takardun da mutane ke kawowa a jiƙe. A kanta Kawu ke ajiye shayinsa. Can kuma wata jar kyanwa da muke kira Manaja take kwana. Manaja ta zo ta yi tsalle kamar kullum, ta sami allo siriri, ta sulluɓe ta faɗa kwandon shara. Ta fito ta harare ni, ta fice.

Da ta tafi, ɓeraye suka dawo. Suka fara da takardun mutane, suka gama da wayoyin sabuwar kwamfutar. Wata safiya Kawu ya danna, shiru.

Na ruga wurin ɗan gwangwan. Ya nuna mini tsibin ƙarafa, ya ce in zaɓi tawa. A hanyar dawowa na hango Manaja a shagon maƙwabcinmu, ta miƙe a kan injin hoton takardu. Na durƙusa ina lallashinta a gaban mutane.

"Bar ta," in ji maƙwabcin. "Ta samu ƙarin girma."

Na koma hannu rabbana. Kawu na kurɓar shayi mai sanyi, wata mata na tsaye a kansa da rabin takardar haihuwar ɗanta.

"Kawu, waya ce kawai. Gobe zan..."

"Ka ce komai ramewa yake yi, ko? To ma'aikatan shagon nan ma za su rame. Ajiye makullin, ka gaishe da uwarka."

Abin da aka rasa: kwamfuta ɗaya mai lafiya, kyanwa ɗaya, wayoyi uku, takardun mutum tara, da aikina.