Kayan Jeren Raudatu

Dije tana yanka albasa a kicin ta ji an banke get da mota. Kafin ta ajiye wuƙar, jami'ai masu baƙaƙen kaya sun cika harabar gidan Alhaji Badaruddeen.

Garba maigadi, tsoho da shi, cewa kawai ya yi, "Ranku ya daɗe, lafiya?" Gindin bindiga ne ya ba shi amsa. Ya kife cikin furanni yana tofar da haƙori, wani ya ƙara masa da takalmi a haƙarƙari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Shi Alhajin tuni ya tsallake ƙasar.

Babbansu ya ɗaga takarda: ana zargin Alhaji da wawure kuɗin gwamnati, kotu ta ce a ƙwace gidan da duk abin da ke ciki.

Nan take Dije ta tuna da kayan da ke sito. Shekara tara tana girki a gidan nan tana tara kayan ɗakin 'yarta Raudatu, yau kula, gobe faranti. Yau ɗin nan da la'asar za a yi jere. Wata uku baya matar Alhaji, Hajiya Sakinatu, da bakinta ta ce, "Ɗakinki na Tudun Wada yoyo yake, kawo su sitona, makulli na hannuna." Ranar har kuka Dije ta yi don godiya.

Ta ruga baya, ta tarar ana jawo kwalayen. Ta faɗa kansu ta rungume.

"Kayan 'yata ne! Don Allah, don Annabi!"

Mari ya juyar da ita, goshinta ya daki bakin ƙofa, jini ya rufe mata ido. Ba ta saki ba.

Babban ya leƙa kwali ɗaya, ya taɓe baki. "Masu gidan nan ba sa ci a irin wannan tarkace. Ku bar mata."

Wanda ya mare ta, don haushi, ya yi ƙwallo da wata kula. Murfin ya fice. Awarwaro da sarƙoƙin gwal suka watsu a ƙasa suna ƙara. Aka buɗe ta biyu, ta uku. Kowacce maƙil.

Babban ya shaƙo mayafin Dije. "Na waye?"

"Nata ne mana," in ji Hajiya daga baranda, ko gezau. "Gadon uwarta ne. Ko ba haka ba, Dije?"

"In naki ne, shiga mota, kya yi bayani a ofis," in ji shi. "In ba naki ba ne, duk abin da aka ɓoye shi a ciki shaida ne, da mu zai tafi."

Dije ta dubi Hajiya. Ashe yoyon ɗakinta bai taɓa damun kowa ba. Ta juya ga babban jami'in.

"Uwata tabarma ta bari, sai akuya guda."

Aka loda komai, har ludayi.

Tana zaune a bakin titi tana goge wa Garba baki da gefen zaninta, ana rubutu da jan fenti a katanga, wayarta ta yi ƙara.

"Inna, 'yan jere sun share ɗakin," in ji Raudatu, murya fal murna. "Wai mota ɗaya za ta ɗauke kayan, ko a nemo biyu?"