Sarkin Ruwan Nasava da Jirgin Ranar Alhamis

A takardar da nas ta cike, Apisalome, sarkin ruwan ƙauyen Nasava, ya rasu ranar Alhamis da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, minti ashirin bayan jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya bar tsibirin. Maƙwabciyarsa Litiana ce kaɗai ta san ainihin sa'ar. Tun ƙarfe ɗaya da rabi ya cika.

Shekararsa tamanin da uku, ita sittin da tara. Taubasai ne, kuma dangar furanni ce kawai ta raba gidajensu, don haka tun tana budurwa ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

Wannan ne karon farko da jirgin zai tsaya a Nasava. Kamfanin jirgin ya rubuto cewa baƙi ɗari da ashirin za su sauka su yi iyo a kan duwatsun murjani, kuma wakilinsa zai biyo su ya gani. Idan abin ya yi masa, jirgin zai riƙa zuwa a kai a kai. Tun daga ranar ƙauyen bai sake zama ba. An shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, an ɗaure aladu a bayan gari, 'yan mata na koyon rawa har muryarsu ta dushe. Mutumin da bai taɓa sayar da ko kwakwa ɗaya ba ya fara zancen buɗe shago. Litiana kuwa ta gina ɗakunan ciyawa biyu a filin da mijinta ya bar mata a bakin teku, domin 'yarta Vasemaca, mai wankin zannuwa a wani otal a birnin Nadi, ta ce idan jirgin ya zama na kullum za ta dawo gida da jikoki.

Sai ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, Apisalome ya kwanta rashin lafiya.

Ba wanda ya faɗi abin da ke ransa, amma kowa ya san dokar. Idan sarkin ruwa ya mutu aka buga gangar itace, daga wannan lokaci ruwan ya rufe har dare ɗari, daga gaɓa zuwa murjani. Ba taru, ba mashi, ba iyo, ko ɗan gari ko baƙo.

Masu dubiya suka cika gidan. Wannan ya kawo romon kifi, wancan gwaza da madarar kwakwa, fasto ya zo sau biyu a yini guda. Dagaci Sekove ya zauna a bakin tabarma yana ta yaba ƙarfin jikinsa. Apisalome ya ce shi dai a tsawon rayuwarsa bai taɓa sanin ana ƙaunarsa haka ba.

"Tsohon banza," in ji Litiana, tana gyara masa matashi. "Duk makonnin da Allah ya halitta, ka rasa na mutuwa sai wannan?"

"Ke da kika ƙi aurena, ina ruwanki da ranar mutuwata?"

"Na ƙi ne don na san ba ka iya cika alkawari."

Ranar Laraba da la'asar ya sa aka fita aka bar su su biyu. Numfashinsa ya riga ya gajarta. Ya ce gobe ta tura surukarsa da jikokinsa bakin teku, ai suna da tabarmin da za su sayar, ita ta zauna da shi.

"Idan na riga jirgin tafiya, ki ci gaba da zagina. Muddin ana jin bakin nan naki, ba mai leƙowa."

Ta ce wannan ba wasa ba ne, tana tsoron abin da zai biyo baya idan baƙi suka shiga ruwan da ya kamata a rufe.

"Ruwan a hannuna yake har a buga ganga," ya ce. "Ni na ba da aro."

Jirgin ya bayyana da hantsi, fari fat, ya fi cocin Nasava tsawo sau uku. Aka busa ƙahon katantanwa, yara suka ruga har ruwa ya kai musu ƙirji. Daga tagar ɗakin Apisalome ana hango gaɓar, sai Litiana ta tsaya a nan tana ba shi labari. Ta gaya masa an rataya wa baƙin furanni, an ba manyansu kava, abin shan gargajiya na tsibirin, sun sha suna yamutsa fuska. Ta gaya masa matar Sekove ta sayar da tabarmi huɗu kafin a gama waƙar maraba, kuma wata Baturiya ta shiga ɗakinta na ciyawa ta fito tana ɗaukar hoto. Da aka buɗe ramin da aka gasa abincin baƙi a ciki, ƙamshin ya iso har ɗakin, ya ce a gaya musu sun cika wuta. Ya tambaya ko sun shiga ruwa. Ta ce sun shiga, ga bayansu nan birjik a kan murjani kamar kunkuru.

Tana cikin ba shi labarin wani mai ƙaton ciki da ya kifar da kwalekwale, tana dariya, sai ta lura ita kaɗai take yi. Ta juya. Ta dubi agogon bango.

Ta rufe masa ido, ta ja masa zane zuwa ƙirji, ta tura tagar ta bar ɗan fili. Sannan ta zauna a gefen tabarmar ta ɗaga murya. Ta zage shi a kan kifin da ya yi mata alkawari tun shekarar babbar guguwa. Ta zage shi a kan kajinsa da suke tone mata rogo. Wasu mata da suka wuce ɗauke da kwanuka suka yi dariya, suka ce tsofaffin nan ba sa gajiya.

Ƙarfe biyu da rabi Sekove ya zo da wakilin kamfanin, wani dogon mutum da kunar rana a hanci, wanda ya ce lalle sai ya gai da mai wannan ruwa. Litiana ta tare ƙofa, ta ce ya samu barci, kuma ba shi da suturar ganin baƙo. Sekove ya dube ta, ya dubi tagar.

"To, Iya, a bar shi ya huta," ya ce, ya ja baƙon suka koma.

Ta ci gaba har muryarta ta fara karyewa. Da zagin ya ƙare mata, sai ta koma kiran sunayen wuraren kamun kifin da ya koya wa mijinta, ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin ya yi kuka sau uku ya juya. Ƙauyen gaba ɗaya yana gaɓa yana ɗaga hannu, domin wakilin ya ce ya gamsu, za su dawo nan da mako biyar. Litiana ta jira har jirgin ya wuce bakin murjani, sannan ta aika a kira nas. Nas ta taɓa hannun mamacin, ta ji sanyinsa, ta ɗago ta dubi Litiana, sannan ta dubi agogonta ta rubuta abin da ya nuna. Aka buga ganga mutane ba su ko cire furannin wuyansu ba.

An binne shi ranar Asabar. Dattawa sun zauna sau biyu a kan ko za a buɗe wa baƙi ruwan kafin dare ɗari ya cika, ba su cimma matsaya ba. An aika wa kamfanin wasiƙa, amsa ba ta zo ba. Vasemaca ta zo jana'iza da jaka ɗaya, ta bar yaran a Nadi, kuma ba ta ce za ta zauna ko za ta koma ba.

Yau dare talatin da ɗaya ke nan. Da safe uwa da 'ya suka share ɗakunan ciyawa, suka shimfiɗa sababbin tabarmi. Daga ƙofar ana ganin sandunan da aka kafa a cikin ruwa alamar an rufe shi, kowanne da ganyen kwakwa a ɗaure, har zuwa murjani. Saura kwana huɗu jirgin ya zo.