Gwaggo Ni'imatu da Dodon Rafi

Wata bakwai Ummulkhair ta yi tana ƙera dodon nan, kuma ranar Alhamis za a goge shi. Haka Sharfuddeen, shugaban ƙaramin kamfaninsu na wasannin kwamfuta a Dubai, ya yanke. Sharaɗinsa na fasa gogewar ɗaya ne: a samu mutum guda da zai kayar da dodon da kansa, ba tare da an raɗa masa dabarar ba. In ba a samu ba, khalas, zance ya ƙare.

Daga tatsuniyar Japanawa ta ɗauko shi, su suna ce masa kappa. A rafi yake zama, da ƙoƙon baya irin na kunkuru, a tsakar kansa kuma akwai ɗan rami kamar kwano cike da ruwa, duk ƙarfinsa a ruwan nan yake. Sai dai dodo ne mai ladabi. In ka rusuna masa dole ya rusuna maka, ruwan ya tsiyaye, shi ke nan ya zama laƙwas. Ummulkhair ta ƙara masa furfura da gemu, don ita dai haka ta ga ya fi kyau.

To, ina masu rusunawa? Mutum talatin da ɗaya aka gwada. Kowa ya ɗaura gilashin wasan a fuska sai ya zare takobi, dodo ya cafko ƙafarsa ya tsoma shi a rafi kamar tsumma. Yaran zamani, wallahi! Ko sannu babu wanda ya ce masa.

Ranar Laraba da hantsi Ummulkhair na zaune zuciyarta a jagule, sai ga Gwaggo Ni'imatu, ƙanwar mahaifinta, da ta zo sarin turaren wuta ta sauka a unguwar Al Ras. Ta kawo mata kilishi, ta kuma ce sai ta ga aikin nan da ake cewa wasa ne amma ana biyan albashi. Sharfuddeen ya yi dariya ya ce yalla, a ɗaura wa Hajiya, ita ma a lissafa da ita. Ya nuna Ummulkhair da yatsa ya ce kada ta ce uffan.

Aka ɗaura gilashi a kan ɗankwali, aka damƙa mata maɓallan hannu. Gwaggo ta ga rafi da dogayen itatuwan gora, ta fara yaba shukar mutane. Can sai ruwa ya tsage, dodo ya fito, kore shar. Ta yi salati da ƙarfi har ma'aikata suka miƙe. Ummulkhair ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije.

Gwaggo ba ta ko kalli takobin ba. Ta ƙare wa furfurar nan kallo, ta gyara zani, ta kai gwiwa ƙasa a kan kafet ɗin ofis.

"Sannu da hutawa, Baba. Mun same ku lafiya?"

Dodo ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuya. Ruwa ya zubo shaa! Ya zube a bakin rafi yana haki.

Ofis ya kaure. Wata 'yar Filifin ta buga tebur, wani Bamisire ya hau kujera, Ummulkhair kuwa tsalle take tana dariya tana hawaye, ta rungume firinta don ita ce kusa da ita. Sharfuddeen ya saki baki kamar wanda aka ƙwace wa shayi.

Gwaggo kaɗai ce ba ta murna. Ranta ma ɓaci ya yi. Ta ce wane irin rashin imani ne wannan, dattijo ya faɗi ana tafi? Ta rarrafa da gilashi a fuska, ta ture kwandon shara, ta kai hannu cikin rafin da babu shi, ta kamfato ruwa ta zuba masa a ka.

Nan Ummulkhair ta daina tsalle. A tatsuniyar, wanda ya mayar wa kappa da ruwansa ya yi aboki har abada. Ta saka wannan a wasan tun watan farko, ba ta gaya wa kowa ba, don ta san za a ce ɓata lokaci ne. Ita kanta ta fid da rai wani zai taɓa gani.

Dodo ya miƙe, ya nutsa, ya fito da kokwamba ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Duk inda ta juya yana biye da ita.

Sharfuddeen ya tambaya a hankali wa ya saka wannan. Ummulkhair ta ɗaga hannu, bakinta ya ƙi rufuwa. Sharfuddeen ya ce ba za a goge dodo ba, shi za a ɗora ma a hoton talla. Sannan ya tambayi Gwaggo yadda aka yi ta gano dabarar.

Ta cire gilashin, ɗankwali ya karkace, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wace dabara? Na tarar da babba a gidansa na gaishe shi. Kai tun da na shigo ka gaishe ni?"

Sharfuddeen ya durƙusa har ƙasa, kofin shayin da ke hannunsa ya tuntsure a kan kafet.