Saura Taku Tara

"Riƙe ta a ƙirji, ba a ido ba," in ji Baba Ɗaso daga bakin ƙofarsa, yana haki. "Kai da tsawonka kamar falwaya, ranƙwafa mana. Daidai tsayina. Halas, ɗauka."

Abdulwasi'u, maƙwabcinsa mai gyaran firji, ya ranƙwafa ya danna wayar tsohon. Hoton lungu ne kawai: bango, igiyar shanya, tankin ruwa.

Shekara ashirin da shida ke nan da Baba Ɗaso ya zo Hajji bai koma ba. Ba takardar iƙama, ba iyali, sai ɗinkin jallabiya a wannan lungu na unguwar Mansur a Makka. A waya ya ci karo da gajerun finafinan wasu Japanawa, ba labari ba magana: mutum ya ɗauki hoto, ya yi taku ɗaya, ya sake ɗauka, in an jera hotunan sai wurin ya taho kamar mai kallo ne ke tafiya. Shi sai ya mai da abin hoto ɗaya a rana, bayan La'asar, yana shata inda ya tsaya da alli. Daga bakin titi ya faro, a ƙofarsa zai ƙare, ya aika wa 'yarsa Saudat da ya baro tana rarrafe a Damagaram. Yau ce ranar farko da ƙafafunsa suka ƙi.

"Baba, bidiyon minti ɗaya ai ya wadatar."

"Wannan na masu gaggawa ne, ya waladi. Ba ta taɓa zuwa gidan ubanta ba. So nake ta shigo da idona."

Saura taku tara Baba Ɗaso ya rasu, ranar Talata da hantsi, a gaban keken ɗinkinsa. Aka yi masa salla a Harami, mutum huɗu suka raka shi maƙabarta.

Da Abdulwasi'u ya kira Saudat, bayan ta yi kukanta sai ta ce, "Yaya, abin nan da yake cewa zai aiko mini, ya gama?"

"Saura kaɗan."

Washegari ya tsaya kan allin ƙarshe, ya ranƙwafa, sai ya kasa dannawa. In ya ci gaba a haka, za ta ɗauka ubanta ne ya kawo ta har ƙofa. Za ta ji daɗi, amma mai idon yana kabari, kuma babu wanda zai ce masa ɗauka. Ya daɗe a sunkuye har bayansa ya ƙage. Ya miƙe tsaye, ya danna.

Kwana tara yana yi da tsayinsa. Da ya jera hotunan, lungun ya taho sumul, sai dab da ƙofa ya yi tsalle ya ɗaga sama da taƙi guda. Bai gyara ba, bai rubuta bayani ba. Ya aika daga lambar tsohon.

Ya zauna a dakali, wayar na kan gwiwarsa. Alamar cewa Saudat tana naɗar murya ta bayyana, ta ɓace. Ta sake bayyana.