Kwalaben da Suka Daskare

Taransifomar layin su Dinatu a Samaru ta ƙone ne ana tsakiyar bazarar 2006. Ta yi wata ƙara da azahar, ta yi hayaƙi, fankokin unguwa suka tsaya. Ma'aikatan lantarki suka zo da mota suka kwance ta, suka ce gyara za a kai ta. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a gidan. Akwai fitila mai caji, akwai fitilar ƙwai. Akwai inbata da batirin babbar mota, waɗanda ɗansu Japheth ya haɗa musu kafin ya tafi bautar ƙasa. Akwai kuma ɗan janareta irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Duhu bai dami Dinatu ba. Firji ne damuwarta.

Mijinta Malam Felix, tsohon malamin sakandare, yana da ciwon sukari. Safe da yamma yake yi wa kansa allurar insulin kafin ya ci abinci. A asibiti ake ba su kwalaben na wata da watanni, kuma nas ta ja musu kunne tun farko: kada zafi ya taɓa maganin, kada kuma ya daskare. A ƙofar firji Dinatu take jera su.

Inbata, mai mayar da cajin batir wutar gida, ita ce ta fara riƙe firjin. Ta yi abin da za ta iya, sannan ta hau kuka ta mutu, domin batirin ma da wutar gwamnati yake shan caji. Suka koma kan janareta. Dinatu ta sayo fetur a galan wajen 'yan bumburutu, Malam Felix ya ja igiya har kafaɗarsa ta ƙage. Injin ya tashi, ƙwan falo ya kama. Ana jona firji sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Suka sake, ya sake.

"Wannan abu kamar ɗan aji ɗaya ne," in ji Malam Felix yana haki. "Ka ba shi aikin 'yan aji shida, sai kuka."

"Baban Japheth, ni ba dariya nake ji ba. Taɓa cikin firjin nan ka ji. Tuwo ma zai ɗumama a ciki."

Gidan da ke jikin katangarsu na Ɗanmalam ne, mai shagon hatsi. Yana da babban inji mai shan gas, saboda matarsa Ruƙayyatu tana sayar wa ɗaliban jami'a ƙanƙara da zoɓo. Dinatu ba mai son roƙo ba ce, amma ta naɗe sababbin kwalaben a leda ta shiga da sallama.

"Maman Ilham, alfarma na zo nema. Maganin Malam ne, ba ya son zafi ko kaɗan."

"Haba Mama, wannan ai ba alfarma ba ce," Ruƙayyatu ta ce, ta karɓa da hannu biyu. "Malam da ya koyar da ƙannena? Ki kwantar da hankalinki. Ni da kaina zan ajiye."

Dinatu ta koma gida da sauƙin zuciya. Kwalbar da aka riga aka buɗe ta rage a hannunsu, tana lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma a gindin randa, Malam Felix yana ɗiba a hankali. Ran da ya zuƙe ɗigon ƙarshe da safe, ta bari sai bayan azahar ta shiga maƙwabta karɓo sabuwa.

Ruƙayyatu ta ɗaga murfin firiza, tururin sanyi ya taso. Ta shiga kwashe ƙullin zoɓo da sandunan ƙanƙara tana tarawa a baho, har ta kai kanta da kafaɗunta ciki.

"Can ƙarƙashi na sa miki," muryarta ta fito daga cikin firizar. "Wurin nan ko inji ya wuni a kashe ba ya narkewa. Na ce wa yara duk wanda ya taɓa, ni da shi."

Ta miƙo ledar tana murmushi. Ledar ta yi tauri, farin ƙanƙara ya rufe ta. Dinatu ta ji kwalaben a tafin hannunta kamar tsakuwa. Ta dubi fuskar matar, ta dubi bahon kayan sana'ar da aka kwashe dominta.

"Na gode, Maman Ilham," ta ce. Ta fita.

Malam Felix ya sa tabarau ya ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga. Da ta fara narkewa, sai ga gudaji-gudaji fari manne da jikin gilashin. Ya murza ta a tafin hannu yadda ya saba. Gudajin bai baje ba. Ya gwada sauran, duk kanwar ja ce.

"A bar su su gama narkewa," ya ce. "Wataƙila da sauran ƙarfi a ciki."

"Wataƙila? Jikinka za ka yi wa wataƙila? Me nas ta ce?"

"Nas tana da wuta a gidanta."

"Ba za ka sa wannan a jikinka ba. Kada kuma ka taɓa tuwon nan sai na dawo."

Ta ɗauki filas ɗin shayi ta wanke, ta jefa ɓarɓashin ƙanƙarar da ke jikin ledar a ciki, ta yafa gyale.

Kemis ɗin bakin titin Samaru ya ce ya daina ajiye insulin tun da wuta ta lalace. Ta hau bas zuwa Sabon Gari. A Kwangila layin motocin da ke jiran fetur ya cinye rabin hanya, bas ɗin ya tsaya cik, kwandasta yana zagin direban tanka. Gumi yana bin bayanta, ita kuwa rana take kallo, tana auna sauran lokacin da ya rage kafin cin abincin yamma.

A shagon farko na Sabon Gari, mai shagon ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalba daga tsakanin magungunan tari. Dinatu ta taɓa ta, ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Ta ajiye masa abinsa. A na biyu akwai firji, amma da aka buɗe sai warin ruwan da ya kwana. Mai shagon ya rantse da safen nan aka ɗauke wuta. Ba ta tsaya musu ba.

Shago na uku na wani Uzoma ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa tas. Janareta yana ruri a bakin ƙofa, an ɗaure shi da sarƙa.

"Akwai, Madam," ya ce.

"Buɗe firjin in sa hannuna."

"Kai! Yau na haɗu da sufeto." Ya buɗe. Ta sa hannu, sanyi daidai, ba ƙanƙara a bango.

"Da dare fa? Kana kashe injin?"

"In na kashe, wa zai biya ni kayan da ke ciki? A nan nake kwana, ni da shi. Matata ta ce in ɗaura aure da shi kowa ya huta."

Dinatu ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kwalbar a haske, ta murza, farin ya baje sumul. Guda ɗaya ta saya, don ba ta da inda za ta ajiye biyu. Ta naɗe ta a hankici ta sa a filas, ta rungume a ƙirji har Samaru.

Ana kiran magariba ta shiga gida. Malam Felix yana zaune a tsakar gida da kofin ruwa, leɓɓansa a bushe, tuwon yana rufe yadda ta bar shi. Ta riƙe masa fitila mai caji, wadda haskenta ya koma ja. Ya zuƙi maganin, ya ɗaga riga, ya soka. 

Yana wanke hannu aka yi sallama. Ruƙayyatu ce, da jug ɗin zoɓo marar sukari.

"Mama, na ga shigowarki. Kawo sauran in mayar miki kafin su ɗumama."

Dinatu ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai kan kwanon tuwo. Ta ɗauko kwalaben da suka daskare ta ɗora a hannun Ruƙayyatu, ta haska mata gudajin.

"Maganin nan ba ya son zafi, ba ya kuma son ƙanƙara. In ya daskare ya mutu. Rabin maganar na faɗa miki ran nan."

Ruƙayyatu ta daɗe tana kallon hannunta. "Innalillahi. Duka?"

"Duka."

"Kuma kika ce min kin gode, kika fita?"

"To me zan ce miki?"

Ruƙayyatu ta ajiye jug ɗin a ƙasa. Firiza kaɗai gare ta, ba ta da firji, duk layin kuma ba mai injin da zai ja firji sai su. Ta ɗauki filas ɗin da Dinatu ta kawo sabuwar kwalba a cikinsa ta leƙa, ƙanƙarar ta zama ruwa.

"Wannan zai riƙe sanyi zuwa safe?"

"In an sa sabuwar ƙanƙara, aka naɗe kwalbar kada ta taɓa ta."

"Da safe kuma a sake?"

"A sake. Da rana ma haka. Har ran da suka ga dama suka dawo da taransifoma."

Ruƙayyatu ta zubar da ruwan a gindin katanga, ta fita da filas ɗin ɗebo ƙanƙara. Dinatu ta zauna a bakin baranda, sabuwar kwalbar tana cikin jiƙaƙƙen hankici a cinyarta, tana jira.