Motar Ta Ƙara Tsawo

Bakaniken ya ɗora giranda, injin yankan ƙarfe, a kan ƙarfen ƙasan motar, sannan ya ɗago kai ya dubi Tela.

"Ka faɗa tun yanzu. In na yanke, ba komawa."

"Yanke," in ji Tela, amma sai ya juya baya kamar mai tsoron allura.

Motar mai jan ƙafa huɗu ce, kowace tayar gaba da nata hannuwan ƙarfe. A kan kwalta ba ta da na biyu wajen laushi. Sai dai Iya, mahaifiyar Tela, ba a bakin kwalta take ba. Tana can bayan duwatsu, kuma ta rantse ba za ta bar ɗakinta ta koma birni ba. A zuwansa na ƙarshe shaf ɗin gaba, ƙarfen da ke juya taya, ya karye a tsakiyar hanya, ranar ganin likita ta wuce. Likitan kuwa bai ɓoye masa ba: gyambon da ciwon suga ya buɗe mata a ƙafa, in aka sake sakaci, sai dai a yanke ƙafar.

Shi ya sa aka kwashe hannuwan nan kaf, aka kawo aksul, doguwar sandar ƙarfe guda mai riƙe tayoyin biyu. Mai walda ya kafa mata mazauni, aka ɗora sifirin, aka sake jan sitiyari. Tela ya rufe shagonsa ya tare a garejin, yana ta tambaya har ya gundure su.

"Za ta yi tsalle fa," bakaniken ya gargaɗe shi. "Laushin nan ka yi masa bankwana. Amma dutse, sai dai shi ya ji tsoronta."

Gaskiyarsa. Da safiyar ranar asibiti motar ta haye duwatsun tana girgiza shi har haƙoransa na haɗuwa, amma ko tari ba ta yi ba. Tela ya yi ta dariya shi kaɗai. Rabonsa da irin wannan farin ciki ya daɗe.

Ya tarar da Iya ta shirya, tana dogara sanda a ƙofar gida, maƙwabta sun fito yi mata Allah ya kiyaye hanya. Ya buɗe mata ƙofa yana washe baki.

Iya ta dubi matakin, ta dubi ɗanta.

"Wannan kuma raƙumi ka sayo?"

Sai a lokacin ya gani. Sabon aksul ɗin ya ɗaga motar fiye da taƙi guda. Matakin da a da take takawa da kanta yanzu ya kai mata gwiwa. Ta ɗaga lafiyayyar ƙafar, mai ciwon ta kasa ɗaukarta, ta sauke da sauri tana cije leɓe.

"Kai da kake tela, ka auna duwatsu ba ka auna uwarka ba?"

Maƙwabta suka yi dariya, shi kuwa kunya ta rufe shi. Wata ta kawo kujera 'yar tsugunno, aka gwada, bai yiwu ba. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta buge hannun da sanda.

"Kul! Ni ba kaya ba ce. In ta wannan ne, na fasa."

Ya san halinta, in ta ce ta fasa, ta fasa. Ga rana tana ɗagawa, ga tafiya a gabansu. Ya tsaya, idonsa na kan ƙyallen da ke naɗe da ƙafar.

Iya ta sallami maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar jikoki. Da wurin ya yi shiru ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Zaga da ita bayan katanga."

Ya zaga. A can, inda ba idon kowa, ta jingine sandar ta ɗaga hannuwanta biyu. Ya tattara ƙarfinsa ya sunkuya, sai ya ji ta taso kamar ƙunshin yadi. Bai san ta ƙare haka a cikin zannuwan nan ba.

Ya zaunar da ita a hankali, ya gyara mata ƙafar, ya kasa haɗa ido da ita. Iya ta kama hannun rigarsa.

"Abin da ka ji a hannunka ɗin nan," in ji ta, "kada ka gaya wa ƙannenka."